Jar Masarar Iya

Hoton nan da ke rataye a bangon falonmu na Funtua, wanda tsohuwa ke tsaye cikin masara ta juya baya, babu wanda bai tambaye ni labarinsa ba a cikinku. Kuna ƙanana kukan ce mai hoton ne bai iya aikinsa ba. Da kuka girma kuma sai kuka tsinto wata magana a gidan kawunnanku a Gozaki, wai ni na kashe jar masarar kakarku domin na'urar kamfani ta fi mini surukaina. Maganar ta dawo mini ta bakin ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, mai ita ya san kansa. Ban yi musu a lokacin ba, saboda akwai gaskiya a ciki, sai dai ba a inda kuke zato take ba. Yanzu da gwiwa ta ƙi babur, zama ya yi mini yawa, bari in rubuta muku yadda aka yi.

Kun san ni malamin gona ne a wani kamfanin iri. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda masarar iri take da tsirfa. Ba kamar ta ci ba ce, da za ka watsa ka jira Allah. Ana shuka ta layi-layi, akwai layin maza akwai na mata. In ta fara fid da kai, sai a bi layin mata ana zare kawunansu, domin kada bununin kowace masara ya sauka a gemunsu sai na layin mazan da aka zaɓa. Iska kuwa ba ta san iyakar gona ba. In akwai wata masara a kusa, ko da ta tsakar gida ce, bununinta zai taso ya shiga, iri ya gauraye, manomin da ya saya baɗi ya shuka abin da bai sani ba. Shi ya sa kamfani ya gindaya tazara, ya ce kada a ga wata masara a cikinta. Aikina shi ne in tabbatar da hakan, daga Danja har ƙauyukan Malumfashi.

Shekaru da yawa da takarda muke aikin, kuma tunda gaskiya na zauna faɗa, bari in fara da kaina. Akwai gonakin da na rubuta cewa na zagaya alhali a gindin ɗorawa na zauna, mai gona yana ba ni labari ina cike gurbi. Ba ni kaɗai ba, duk haka muke yi in rana ta take ko hanya ta yi caɓi. Takardun kuma sai su yi sati biyu a jakar babur, ruwa ya doke su, kafin su isa ofis tsutsar da ka rubuta labarinta ta gama cin gonar ta yi jikoki.

A shekarar da nake ba ku labari sai kamfani ya raba mana kwamfutar hannu. Ta ɗan fi waya girma da nauyi, an yi mata rigar roba mai kauri saboda faɗuwa da ruwa. In ka je gona sai ka kunna ta a iyaka, ka bi gefe da ƙafa har ka dawo inda ka fara, ita kuma tana zana taswirar gonar tana rubuta lokacin da ka shiga da wanda ka fita. Kowane gefe sai ka ɗauki hotonsa. Da ka fito inda akwai sabis, komai ya tafi ofis. Manoma suka sa mata suna 'yar sa-ido, mu ma a bayan idon manya haka muke kiranta. Na tsane ta a watan farko, ba zan ɓoye muku ba. Mutum ya haura hamsin, a ce wani abu mai batir ne zai shaide shi. Amma wata safiya a wajen Danja na ga ganyen masara ya huhhuje, na ɗauki hoto na tura, kafin azahar ɗin washegari mota ta iso da magani da masu feshi. Mai gonar ya riƙe hannuna yana ta godiya kamar ni na yi abin. Daga ranar na rage zagin 'yar sa-ido, ko da yake ban daina gaba ɗaya ba.

Mai duba abin da muke turawa wata mata ce 'yar Malumfashi, Madam Rifkatu, ɗiyar wani tsohon fasto. Ta girmi babbanku da kaɗan, ni kuwa a shekaru na haife ta, amma in ta kafa tabarau a kan taswira ko kaza ta ratsa gonar sai ta gani.

To, a wannan shekarar ce kakanku na wajen uwa, Alhaji Ɗanjuma, wanda nake kira Baba, ya shiga noman iri. Bai shiga shi kaɗai ba. Ya bi maƙwabtansa na gona gida-gida ya shawo kansu, suka haɗa gonakinsu wuri ɗaya duk suka shuka ta kamfani, domin tazarar ta samu. Da bakinsa ya ɗaukar musu alkawari cewa ba za su yi nadama ba. Aka duba wanda ke riƙe da yankin Gozaki, sai ga shi ni ne.

Nan ne sai kun fahimci yadda nake da kakarku Iya. Mahaifiyarku ita ce 'yar farinta. Iya ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce "waccan" ko "'yar nan." Ni kuwa mijin 'yar fari, shekara ashirin da shida ina shiga gidan nan ban taɓa ganin fuskar Iya sosai ba. In na yi sallama ta shige ɗaki, in durƙusa a bakin ƙofa in gaishe ta, ta amsa ta bayan labule. In muka yi kiciɓis a hanya ta juya ta fuskanci dangar mutane, ni ma in sunkuyar da kai in canja hanya. Ku yaran yanzu kuna dariyar wannan, kuna zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon waya tare. Mu a wurinmu girmamawa ce, kuma ina son Iya ƙwarai, ita ma na san tana sona, domin ban taɓa barin Gozaki babu ƙullin daddawa ko kuka a bayan babur ba.

Na je awon gonar Baba bayan ruwan farko, ba a kai ga shuka ba. Na kunna na'ura a gefen gabas, na bi kudu, na bi yamma, ina tafe ina ɗaukar hoto. Da na doshi ƙuryar arewa, inda layin bini-da-zugu ya yi shinge, sai na hango mace a duƙe tana sassabe a bayan shingen. Ko daga nesa na san zanen. Iya ce a gayaunarta, 'yar gonar da Baba ya yankar mata tun tana amarya. Hanyar iyaka ta gabanta za ta bi da ni, taku biyu tsakaninmu, kuma in ɗaga na'ura in ɗauki hoto tana wurin. Ƙafata ta ƙi. Ban yi wani dogon tunani ba, na karkata na ratsa ta cikin gona na koma inda na fara, na danna na kammala. Na ce a raina, gayaunar tsohuwa ai kuɓewa ce da yakuwa. Ban tambayi kowa ba, Baba ma bai ga abin faɗa ba, domin a ganinsa dokar kamfani ta manyan gonaki ce.

Sati bakwai bayan shuka Madam Rifkatu ta kira ni ofis. Ta juyo mini da fuskar kwamfutarta, ga gonakin Gozaki jere, kowace da iyakarta cikakkiya, ta Baba kaɗai ce kamar an gutsiri ƙosai.

"Malam Lawal, wannan gonar ta surukinka ce, ko?"

Na ce, "Ita ce, ranki ya daɗe."

"Mi ke nan wurin da ka tsallake? Hoto uku ka turo, na arewa babu."

Na ce kuɓewa ce. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Ka gani da idonka?"

Ita ma 'yar ƙasar nan ce, ba sai na yi mata bayani ba. Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Malam Lawal, ni ma ina da surukai. Amma masara ta kusa fid da kai. Ka koma gobe ka bi iyakar, ka turo mini abin da ke wurin."

Washegari da sassafe na je, na leƙa ta saman shinge daga nesa. Masara ce ta kai kafaɗa, karanta da jan-ja, ta yi kore shar, kwana kaɗan ya rage ta fid da kai. Na san ta, duk wanda ya ci abinci a gidan nan ya san ta. Jar masarar Iya ce, wadda ta zo da ita daga ƙauyensu na wajen Danja, ta gada daga mahaifiyarta. Kowace kaka takan zaɓi goyo mafi kyau ta rataye a saman murhu hayaƙi ya tsare shi har damina. Da ita take yi wa mahaifiyarku kunun jego duk haihuwar da aka yi muku. Babu mai irinta a Gozaki, mutane duk sun koma ta kamfani.

Ban shiga ba. Na juyo gida na faɗa wa mahaifiyarku, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ajiye rariya.

"Ka san goyo biyu kaɗai suka rage mata bana? Ƙwari sun cinye sauran. Duk ta shuka su, ko ƙwaya ba ta bari ba."

Na ce ban sani ba.

"To yanzu me za a yi?"

Na ce ko dai a sare, ko a riƙa zare kawunan kullum kafin su yi bununi. In an zare za ta yi goyo a ci, amma bununin ta kamfani ne zai sauka mata, abin da za ta haifa ba nata ba ne, ba zai yi iri ba. In kuwa an bar ta, gonar Baba da ta maƙwabta duk sun fita daga iri.

Ta ce, "Malam, ita na'urar nan ido gare ta? Ba kai ke nuna mata inda za ta duba ba? Ka tsaya a ƙuryar, ka juya ta gabas."

Gaskiya ta faɗa, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tun a kan babur na riga ta yin wannan tunanin. 'Yar sa-ido ta san inda ƙafata ta taka, amma ba ta san abin da ke bayana ba. In na juya ta gabas, Madam za ta ga shinge da sararin sama, ta rufe maganar. Wa zai sani? Sai baɗi, a wani ƙauye da ban taɓa zuwa ba, wani mutum da ya yarda da buhun kamfani zai ga gonarsa ta fito wata doguwa wata gajera, ya rasa laifin wa. Na sha tsayawa a irin wannan gonar, na ga fuskar masu ita. A zamanin takarda na yi ƙaryar lalaci, ta gindin ɗorawa, amma ban taɓa ganin ɓarna da idona na rufe ta ba. Na ce da mahaifiyarku ba zan iya ba. Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe.

Na koma Gozaki da la'asar na sami Baba a zaure. Na durƙusa na yi masa bayani ina kallon tabarma. Ya ajiye carbinsa.

"Gayaunarta ce," ya ce. "Tun da na ba ta ban taɓa sa mata baki ba, ba kuma yau zan fara ba. Mutanen nan kuwa ni na jawo su. Ka je ka faɗa mata da kanka, tana can."

Wannan tafiyar daga zaure zuwa ƙuryar arewa ita ce mafi nisa da na taɓa yi, ni da na zagaye gonakin rabin ƙasar nan. Na kunna na'ura a iyaka kamar yadda doka ta ce, na bi gefen da na gudar wa. Da Iya ta ji takuna ta miƙe ta juya baya. Na durƙusa a kan kunyar gona, na gaishe ta, ta amsa. Sannan na yi magana, doguwar maganar farko da na taɓa yi da ita, ina kallon ƙasa tana kallon masara. Na faɗa mata dokar tazara, na faɗa mata zancen bununi da iska. Ta saurara har na gama.

"Ranar da ka zo awo, ba ka gan ni nan ba?"

Na ce na gan ta.

"Ni ma na gan ka. Na ga ka karkata, na ce yaron kirki, ya san kunya. Da ka matso ka tambaye ni, da na ce maka masara zan sa. Da ka ce a'a, da na kai ta bayan gida na shuka, ko in ba ƙanwata ta kai Danja. Goyo biyu ne, ɗan nan. Ko a ƙwarya sai su tafi."

Wannan shi ne laifina, kuma shi nake so ku riƙe. Ba hoton da na tura ba ne ya kashe jar masara. Taku ashirin ɗin da na ƙi yi tun ƙasa tana fili, su suka kashe ta. Na zaci girmama ta nake yi, ashe kaina na sauƙaƙa wa. Hawaye ya zubo mini a kan kunyar nan, ina da furfura, ban kuma ji kunyar zubowarsa ba.

Na ce, "Iya, akwai yadda zan ɗauki hoton ba a ga masarar ba." Na faɗa ne don in ji ta bakinta, kuma wallahi ban san abin da zan yi ba da ta ce in yi.

"Ka ci amanar mutane saboda ni? In tafi lahira da gonakin bayin Allah a kaina?" Ta gyara tsayuwa. "Ɗauki abin da aka aiko ka ɗauka."

Na ce to ta ɗan matsa gefe. Ta ce babu inda za ta, masararta ce, a ɗauke su tare. Na ɗaga na'ura na danna. Na fito kan tudu inda sabis yake kamawa, na tura.

Madam Rifkatu ta ce za ta aiko ma'aikata su zare kawunan. Iya ta aiko a ce mata kada wanda ya taɓa. Kowace safiya, kafin raɓa ta bushe, ita take bi kara-kara tana lanƙwaso shi tana zare kan da hannunta, har suka ƙare. Ni kuma doka ta sa kullum in je in duba in tura hoto, sai in tarar ta tara kawunan a gefen shinge inda zan gani ba sai na shiga ba. Gonar Baba da ta maƙwabta duk suka tsallake, kamfani ya karɓi irinsu, har aka riƙa yabon Baba a masallaci. Ni ma aka yabe ni a ofis, aka ce ga amfanin na'ura, da takarda ce da ba a gano ba. Gaskiya ne, ba na musu. Na karɓi yabon kamar mai haɗiyar maɗaci.

Masarar Iya ta yi goyo manya-manya, in ka ɓare ja wur kamar kullum. Wani kawunku ya ce ta rataye ko guda ɗaya mana, ai ba ta canja ba. Ta ce a waje ne ba ta canja ba. Ba ta rataye ko ɗaya a saman murhu ba, ta sa aka surfe duka aka niƙa. Ta aiko mana da garin a ƙwarya, da saƙo ta bakin mai kawowa, wai a ce wa waccan ta yi wa mijinta tuwo da shi, ta kuma daina ɗaure masa fuska. Mahaifiyarku ta yi wata uku ba ta yi mini magana ba sai ta dole, kuma ban ga laifinta ba. Ranar da ta tuƙa tuwon ta ajiye mini, ta zauna a gefe tana kuka, na ci ina kuka, ku kuna ta santi kuna neman ƙari ba ku san me ake ciki ba.

Iya ba ta ga wata daminar ba. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, da rani. Bayan addu'ar bakwai mahaifiyarku ta shiga neman hotonta, aka bincike gidan kaf, ashe ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba, ko a biki sai ta ja mayafi ta kauce. Na je ofis na sami Madam Rifkatu, ban gama bayani ba ta ce ta gane. Ta nemo shi cikin dubban hotunan iyakokin gonaki, ta sa aka wanke, da kanta ta kawo gida ta yi wa mahaifiyarku gaisuwa.

Na ƙara shekara shida ina aiki da na'urar nan, kuma ban sake tsallake gefen gonar kowa ba, ko ta sarkin noma ce, ko matar wa ke tsaye a wurin. Sababbin malaman da aka ba ni in koyar sun ɗauka tsoron Madam ne yake sa ni. Duk inda na ga jar masara a kasuwar Danja sai na tsaya na tambayi asalinta, na sayo na kawo wa mahaifiyarku, ta ɓantari ƙwaya ta tauna ta girgiza kai. Har yau ba mu samu ba.

Saboda haka in 'ya'yanku suka tambaye ku don me tsohuwar cikin hoton ta juya baya, kada ku ce mai hoto ne bai iya ba. Ku ce surukinta ne ya ɗauka, kuma iyakar abin da ya taɓa gani nata ke nan.